Asibitin “zamani” da ƙarfe 1 na dare: da wane mudu ake auna shi?

Wajen ƙarfe 1:30 na dare wutar ɗakin haihuwa ta ɗauke. Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, irin daren da ko ganye ba ya motsi. Jariri ya riga ya faɗo, ya yi kuka, na goge shi na miƙa wa kakarsa. Uwar ce ta rage a gabana, yarinya 'yar shekara 19, haihuwar fari. Mabiyiya ta fita, amma jini ya ƙi tsayawa. Sai inbata ta yi ƙara sau uku daga ɗakin ajiya, fanka ta fara rage gudu, ƙwan da ke bisa kanmu ya mutu.

Na zaro wayata, na kunna fitilarta, na kama ta da haƙora, domin hannuwana biyu duk suna da aikin yi. Duk nas ɗin da ta taɓa kwanan aiki a asibitin karkara ta san ɗanɗanon bayan waya. Abokiyar aikina ta laluba cikin duhu zuwa firjin rigakafi, ta ɗauko ƙarin allurar da ke sa mahaifa ta ɗaure, ta zuba a ledar ƙarin ruwa. Ni ina murza marar yarinyar, ita tana kiran sunanta don kada ta lumshe ido. Can sai na ji mahaifar ta yi tauri a ƙarƙashin tafin hannuna, jinin ya ja da baya. Allah Ya yi da sauran kwana a gaba.

Da abin ya lafa, kakar, wadda ke zaune a bakin ƙofa rungume da jikanta tana ta salati, ta dube ni ta ce, “Ɗiyata, ashe ba wanga na asibitin zamanin da anka buɗe bara ba?”

Na ce, “Shi ne, Inna.”

Ta ce, “To, ina zamanin ya tahi?”

Muka yi dariya, irin wadda ake yi bayan an tsallake rijiya da baya. Amma ban ba ta amsa ba, don a lokacin ba ni da ita.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, domin ba shi kaɗai ba ne, kuma ba don tona asirin kowa na ɗauki alƙalami ba. In da rana kika shigo, sai ya burge ki: tayil har bango, fenti sabo, farantan sola jere a kan rufi, tankin ruwa a sama, ga allo a bakin ƙofa. Ranar buɗewa an ƙirga komai, faranti kaza, batir kaza, fanka kaza, gado kaza. Abin da ba a ƙirga ba shi ne awa nawa wutar za ta yi bayan faɗuwar rana, idan kayan sun shekara, cikin zafin Afrilu.

Ga matar da ke zaune a birni, wannan ɓacin rai ne kawai, sai ta sauya asibiti. Ga matar Shinaka ko Takakume ko Rimawa, ko ta Gandi da Rara a ƙasar Rabah, magana ce ta rai. Matsalar tsaron da ta addabi gabashin jihar nan ta sa direbobi da yawa ba sa yarda su hau hanya sai gari ya waye. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana iya ɗauke lafiyayyar mace cikin awa biyu idan ba a kai mata ɗauki ba. Kin ga ke nan ba a maganar “a wuce da ita Sakkwato”. Ginin da ta samu kanta a ciki a wannan dare, shi ne asibitinta na farko, shi ne na ƙarshe.

Ga kuma wata ɓarnar da ba a gani. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna a jihar Sakkwato ba a samu mace 1 cikin 10 da ke haihuwa a asibiti ba. Shekaru muna roƙon mata su zo. Idan guda ta daure ta zo, ta tarar da duhu da famfon da ba ruwa, ranar suna kowa zai ji labari, kuma mata goma ne za su ce gara ɗakinsu.

Mudun saye da mudun sayarwa

Duk wadda ta taɓa awo a kasuwar Goronyo ranar Lahadi ta san abin da zan faɗa. Kafin ki tambayi kuɗin shinkafa, idonki yana kan kwanon awon. An bubbuge gindinsa ya shige ciki? An rage masa baki? Kin san akwai mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Shi ya sa farashi kaɗai ba ya gaya miki komai sai kin san da wane mudu za a auna. Idan mudun Wurno ya bambanta da na Rabah, to ba ki da hanyar sanin inda ya fi araha. Addini ma bai ɗauki tauye mudu da wasa ba, kowa ya sani.

To a harkar gini, kalmar “zamani” ta zama farashin da ba mudu. Ɗan kwangila yana da nasa ma'aunin: na kawo kayan da aka rubuta, na kafa, sun kama a gaban shaidu. Ƙungiyar da ta ba da tallafi tana da nata: mun sa sola a asibiti kaza a bana. Ofishin ƙaramar hukuma yana da nasa fom ɗin, inda ake tambayar “akwai wuta?” a amsa da e ko a'a. Na sha cika irin wannan fom. Idan an zo da ƙarfe 11 na safe, rana na dukan faranti, fanka na juyawa, amsar gaskiya ita ce e. Babu layin da ya tambayi ƙarfe 1 na dare. Kowa ya faɗi gaskiya da mudunsa, mai naƙuda kuma ta haihu a duhu.

Me ake nufi da gini mai wayo?

Masana gini a duniya suna da abin da suke kira gini mai wayo, ko a ce gini mai lura da kansa. Shi ne wanda aka sa wa na'urorin da ke jin zafi da sanyi, su san ko akwai mutum a ɗaki, su auna wutar da ake sha da ruwan da ya rage a tanki, sannan su ɗauki mataki ko su sanar da mai kula. Fitila ta mutu da kanta idan ɗaki ba kowa, injin ruwa ya tsaya idan tanki ya cika, saƙo ya shigo waya idan batir ya kusa ƙarewa.

Ko a ƙasashen da suka yi nisa a wannan, kalmar ta zama ta talla, kowane kamfani yana kiran kayansa masu wayo. Da Tarayyar Turai ta gyara dokarta ta amfani da makamashi a gine-gine a shekarar 2018, sai ta shigar da ma'auni guda na gwada wayon gini. Yana duba fannoni 9, ciki har da ɗumamawa, sanyayawa, ruwan zafi, shigar iska, haske, wutar lantarki da yadda ake sa ido a kan su duka. Yana tambayar abu uku: shin ginin yana tattalin wuta, yana biyan buƙatar mutanen da ke ciki, kuma yana iya daidaita shan wutarsa da halin da layin lantarki ke ciki? Daga nan a ba shi maki. Amfanin shi ne gini a Faransa da gini a Sifen su hau sikeli ɗaya.

Ba na cewa a kwafo wannan a kawo Goronyo. Ɗaya daga cikin fannoninsu ma wurin cajin mota mai lantarki ne, mu kuwa muna neman ƙwai guda da zai kai asuba. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsa namu ne tun fil'azal: mudu ɗaya ga kowa. Kuma abin da zai ba ki mamaki, a cikin asibitin nan da wuta ta ɗauke mana, akwai abu guda da tuni ake auna shi da irin wannan mudu. Shi kaɗai ne bai ba mu kunya ba a daren.

Firjin da bai mutu ba

Lokacin da abokiyar aikina ta buɗe firjin rigakafi cikin duhu, da sanyinsa ta same shi. Ba sa'a ba ce. Irin firjin nan ba ya amfani da batir sam. Yana da nasa farantan sola daban, da rana yana daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, da dare ƙanƙarar ce ke riƙe sanyin. Kafin a yarda a saye shi don aikin rigakafi, sai ya shiga kundin kayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, wanda ake kira PQS. Firjin da za a kai ƙasa mai zafi irin tamu ana gwada shi a ɗakin da aka ɗumama zuwa digiri 43 a ma'aunin Selsiyos, a ga ko cikinsa zai tsaya tsakanin digiri 2 da 8. Ana kuma gwada kwana nawa zai riƙe sanyi idan rana ta yi rauni, kamar lokacin hazo ko hadari. Kamfanin Turai ne ya ƙera ko na Sin, jarrabawar ɗaya ce.

Awon bai tsaya a masana'anta ba. A jikin firjin akwai takardar da muke rubuta sanyinsa safe da yamma, har ranakun hutu. A cikinsa akwai 'yar na'urar da ke riƙe lissafin kwana 30, wadda ba ta san kunya ba: idan sanyin ya kauce, za ta nuna alama, ko da ni na rubuta cewa lafiya lau. Wasu firjin ma suna aika saƙo kai tsaye ga jami'in da ke kula da sanyin rigakafi.

Sannan ga abin da ke kanki, uwa, za ki iya gani da idonki. A jikin kwalbar rigakafi akwai ɗan tambari: da'ira mai ɗan duhu, a tsakiyarta wani ɗan gida mai kusurwa huɗu, mai haske. Duk zafin da kwalbar ta sha tun daga masana'anta yana taruwa a wannan ɗan gida, yana ƙara duhu, kuma ba ya komawa fari ko an mayar da ita firji. Muddin ya fi da'irar haske, maganin yana nan da ƙarfinsa. Ranar da ya yi duhu daidai da ita ko ya wuce, sai zubarwa. Tun 1996 aka fara manna shi a kwalaben ɗigon shan inna. Ba ya buƙatar karatun boko, ba ya buƙatar wuta, kuma ma'anarsa ɗaya ce a Achida da Kano da Indiya. Ban san wani mudu da ya fi wannan adalci ba.

Sai dai a lura, zafi kawai yake nunawa. Wasu alluran, irin su Penta da ta ciwon hanta, daskarewa ce ke lalata su, kuma tambarin ba zai faɗa ba. Shi ya sa firizar gida, komai kyanta, ba wurin ajiye rigakafi ba ce.

Don ki ga bambancin abin da ake aunawa da wanda aka bari sakaka, dubi ita kanta allurar da ta tsayar da jinin yarinyar nan. Sunanta oksitosin, ita ma sanyin digiri 2 zuwa 8 take so. Amma shekara da shekaru ana ajiye ta a kan kanta cikin shagunan magani, a aljihun tebur, a jakar hannu. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda ma'aikatan hukumar NAFDAC suka shiga ciki, ya gano kusan kashi 3 cikin 4 na samfuran wannan allura da aka tattaro a Najeriya ba su cika ma'aunin inganci ba. Ki yi allura, ki ƙara, jini na ta zuba, ki rasa dalili. Tamu ta yi aiki a daren ne saboda a firjin rigakafi ta kwana.

Sauran ginin fa?

Sauran ginin ba shi da tambari. Ga abin da ya kashe mana wuta, kamar yadda mai gyara ya bayyana daga baya, kuma na tabbata labarin asibitoci da yawa ne.

Batiran irin masu dalma a ciki ne. Shekarun da kamfani ke cewa za su yi, a zafin digiri 25 aka lissafa su. Ƙa'idar da masu harkar suka sani ita ce, duk ƙarin zafin kusan digiri 10 yana raba rayuwar irin wannan batir biyu. Mu kuwa a Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, ga shi an jera batiran a ɗan ɗakin da ba taga, ƙarƙashin rufin kwano. Dafa su muke yi a hankali. Farantan kuma tun hunturu ƙura ta lulluɓe su, ba tsani, ba a kuma ce aikin wane ne ya hau ya goge ba.

Mu ma ma'aikata ba mu wanku ba, gara in faɗa. An kafa solar don fitilu da fankoki, amma sannu a hankali aka ja waya zuwa ɗakin kwanan ma'aikata, maƙwabta suka riƙa kawo cajin waya, wani ya jona hitar dafa ruwa. Wa zai iya hana maƙwabcin da ke kawo miki ruwa ranar da famfo ya ƙafe? Kafin sha biyun dare batir ya zube.

A nan ne wayon gaskiya yake da amfani, kuma ba tsada gare shi ba. Ginin da aka tsara da tunani, layin ɗakin haihuwa daban yake. Idan batir ya yi ƙasa, na'ura za ta yanke wa ofis da baranda da ɗakin ma'aikata, ta bar wa ɗakin haihuwa sauran. Ba sabon ilimi ba ne. A 2008 wata likitar mata Ba'amurkiya, Laura Stachel, ta zo wani asibitin gwamnati a Zariya don nazarin mace-macen masu haihuwa, ta ga yadda ake aiki da fitilar hannu. Daga nan ita da mijinta suka ƙirƙiro wata 'yar akwatin sola da aka yi musamman don ɗakin haihuwa, wadda yanzu ake amfani da ita a ƙasashe da dama. Duk da haka, rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a Janairun 2023 ya ce kusan mutum biliyan 1 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna zuwa asibitocin da ko dai ba wuta, ko wutar ba abin dogaro ba ce.

Akwai kuma jarrabawar da ma'aunin Turai ba zai taɓa tunawa da ita ba. A watan Satumban 2021, saboda yaƙi da 'yan bindiga, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Goronyo da Rabah. Duk na'urar da wayonta ya dogara ga aika saƙo, bebiya ta zama a lokacin. Takardar da ke manne a jikin firji da ɗan tambarin kwalba kuwa suka ci gaba da aikinsu. Don haka mudunmu dole ya tambaya: idan ba sabis, ginin zai iya gaya wa wanda ke tsaye a cikinsa halin da yake ciki, da fitila ja ko da ƙara?

Haka ruwa. Wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, lokacin da ruwan gulbin Rima ya shafe garuruwa irin su Kagara, ba zai yarda a ajiye inbata da batir a ƙasan siminti a garin da ke bakin fadama ba. Kuma burtsatse mai sola da ke zuba a tsakar gida ba shi ne ruwa a ɗakin haihuwa ba. Tambayar ita ce ko ungozoma za ta murɗa famfo ta wanke hannu ba tare da ta bar mai jego ta fita waje ba.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne shi kansa bangon. Kakanninmu a Wurno da Rabah sun yi ta gina soro da tubali da azara, bango mai kauri, wanda ke shanye zafin rana ya bar ciki da sanyi, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Ba waya ko ɗaya a jikinsa, amma ya san yanayin ƙasarsa. Yau sai a yi bulo siriri, a ɗora kwano, wani lokaci ko silin babu, sannan a nemi fanka ta gyara abin da magini ya ɓata. Magunguna da yawa an rubuta a kwalinsu kada a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 30. Jariri sabon haihuwa kuma yana son ɗakin da bai gaza digiri 25 ba, abin da ɗakin kwano ba ya bayarwa da asubar Janairu. Ma'aunin zafi na bango bai kai kuɗin kaza ba, amma ɗakunan haihuwa nawa ne ke da shi?

Takardu akwai

Kada a ce ba a rubuta komai ba. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. A 2017 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin tattalin makamashi a gine-gine, wanda ya yi magana a kan girman taga, inuwa, abin tare zafi a rufi, irin ƙwan fitila da na'urar sanyaya ɗaki, har da tsarin ba gini taurari. Amma izinin gini a hannun jihohi yake, sai jiha ta ɗauki kundin ta mai da shi nata kafin ya yi haƙora. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi takardar shaidar cika ƙa'ida ga kowane asibiti, kuma ita ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ma tana da littafinta na mafi ƙarancin abin da ya kamata a samu a asibitin mazaɓa.

Matsalar a ganina ita ce takardun suna warwatse, na injiniya daban, na likita daban, na mai ba da tallafi daban, kuma yawancinsu ƙirgar kaya suke yi, ba gwajin aiki ba. Abin da nake fata bai fi shafi guda ba, iri ɗaya ga mazaɓu 244 na jihar nan. A auna da dare, ba da hantsi ba. A auna a bazara, a sake a damina. Wanda zai auna kada ya zama wanda ya kafa kayan ko wanda ya biya kuɗinsu. Sakamakon kuma a manna shi a bakin ƙofa da Hausa, da boko da ajami, inda mai zuwa awo za ta gani.

Wata abokiyar aiki ta ce mini wannan tozarta ma'aikata ne, kuma idan aka manna sakamako mara kyau mata za su ƙara gudu. Na ɗauki maganarta da muhimmanci, domin mu ne a gaba, mu ake zagi. Amma mata sun riga sun sani, a gidan suna suke ba mu maki ba tare da mun ji ba. Kuma an gwada a wani wuri. Tanzaniya ta fara ba asibitocinta taurari, daga sifili zuwa 5, a shekarar 2015. A zagayen farko kashi 2 cikin 100 ne kawai suka samu taurari 3 ko fiye. Ba su ɓoye ba, aka ba kowane asibiti jerin abin da zai gyara. Da aka sake aunawa bayan kamar shekara biyu, adadin ya kai kusan 1 cikin 5. Ni da ke kwana a ɗakin, takardar da ta ce “wutar nan awa huɗu take yi” kariya ce gare ni. Ta fi bakina ƙarfi a gaban shugaban sashen lafiya.

Kafin ranar ta zo

Wannan mudu bai iso ba tukuna, amma ba sai kin jira shi ba. Ranar awon ciki, bayan an gama duba ki, ki tambayi nas cikin ladabi: “Malama, wutar nan tana kaiwa asuba?” Za ki sha mamakin yadda za ta gaya miki gaskiya, don ita ma abin yana ci mata tuwo a ƙwarya. Ki nemi ganin ɗakin haihuwa, ki murɗa famfon da hannunki, ki leƙa banɗaki. Ki ɗaga kai ki ga ko akwai silin. Ki tambayi matan unguwarku da suka haihu a can da dare, ba da rana ba. Ranar rigakafi kuma ki ce a nuna miki tambarin kwalba kafin a zuƙi allurar. Ma'aikaciyar kirki ba za ta ji haushi ba, ni daɗi ma nake ji.

Idan kika ga abin da bai yi ba, don Allah kada ki huce a kan nas, ba ita ta sayo batir ba. Kowace mazaɓa ya kamata tana da kwamitin raya mazaɓa, wanda ke da ta cewa a kan yadda ake tafiyar da asibitin da kuɗin da ke shigo masa, kuma akwai kujerun mata a ciki. Ki gaya wa maigida, ki gaya wa shugabar matan unguwa ko malamar Islamiyyarku, a kai maganar can da lissafi: dare kaza wuta ta ɗauke da ƙarfe kaza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin da yatsa magini ke hawa.

Abu ɗaya nake roƙo kada a fahimce ni a baibai. Duk abin da na faɗa ba dalilin zama a gida ba ne. Yarinyar nan ta rayu ne domin tana asibiti. A duhun ma akwai allura mai sanyi, akwai ledar ruwa, akwai hannun da ya san inda zai murza. Da a ɗakinta jinin ya ɓalle, da hasken fitila goma ba zai tsayar da shi ba.

Bayan sati shida suka dawo rigakafi, ita da jaririn da kakar. Na ɗauko kwalbar na nuna wa uwar tambarin, na bayyana mata, ta duba da kyau ta ce cikin ya fi haske. Kakar ba ta ko kalli kwalbar ba, ƙwan da ke silin take kallo.

“Ɗiyata, an gyara?”

Na ce, “An kawo batir biyu, Inna. Muna jiran sauran.”

Ta gyaɗa kai, ta kwance haɓar zaninta, ta nuna mini sabuwar cocila, har da batiranta na ko-ta-kwana a ƙulle cikin leda. Ta ce, “Ƙanwar mijinta na da wata bakwai. Ni dai na yi shirina.”